Bindigar Wasa Daga Bindigar Gaske: Sana'ar da Dokar Nijeriya Ba Ta Buɗe Wa Ƙofa Ba

BAUCHI — A unguwar Ƙofar Ran, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar birnin Bauchi, kabarin marigayi Alhaji Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa yake, watau Firayim Ministan Nijeriya na farko, wanda sojoji suka kashe a watan Janairu na 1966. Ban da mulki, marigayin ya bar wa ƙasar Hausa littafin Shaihu Umar na 1934, wanda Malam Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976. An ɗauka fim ɗin ya ɓata, sai daga baya aka gano faya-fayansa, aka gyara su, aka nuna shi a bikin finafinai na birnin Balin a 2018. Wannan ya nuna cewa labarun tarihi haja ce mai kasuwa har a ƙasashen waje.

To, amma labarin tarihi ba ya tafiya sai da makami. Duk wanda zai shirya fim a kan yaƙe-yaƙen Malam Yakubu, wanda ya kafa masarautar Bauchi, ko a kan shigowar Turawa birnin a 1902, ko ma a kan 'yan fashin zamanin nan, tilas ya nemi bindigogin da za su gamsar da idon mai kallo. Shawarar da ta fi saurin zuwa wa mutane kuwa ita ce a sayi tsohuwar bindiga a hannun maharbi, a kai wa mai walda ya toshe bakinta, ya cire kunamarta, shi ke nan ta zama kayan wasa. Wannan shawara tana da araha a kasuwa, amma a gaban alƙali tana iya cin shekarun mutum.

Dokar da ke kula da mallakar bindigogi a Nijeriya ita ce ta 1959, wadda aka yi tun kafin samun mulkin kai, kuma har yanzu ita ce ginshiƙi. Ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko shi ne na waɗanda aka haramta, irin su bindigogin soja, da masu sarrafa kansu, da ƙananan bindigogin hannu, waɗanda babu mai ba da lasisinsu sai Shugaban Ƙasa. Kashi na biyu ya ƙunshi bindigogin farauta irin su mai baki ɗaya da mai baki biyu, lasisinsu yana hannun Babban Sufeton 'Yan Sanda. Na uku kuma su ne waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki, watau bindigar toka da danginta, irin waɗanda 'yan bindigar sarki ke bugawa ranar hawan salla, kuma al'amarinsu yana hannun Kwamishinan 'Yan Sandan jiha. Wanda aka kama da bindigar kashi na farko ba da lasisi ba, mafi ƙarancin hukuncinsa ɗaurin shekara 10 ne. Na kashi na biyu yana iya kaiwa shekara 5.

Abin da ya fi shafar mai shirya fim a cikin dokar bai wuce fassarar da ta yi wa kalmar bindiga ba. Dokar ba ta tsaya ga makamin da ke iya harbi kaɗai ba, ta haɗa har da kowane ɓangare na jikinsa. Dokar soja mai lamba 5 ta 1984, wadda aka kafa a zamanin Janar Muhammadu Buhari domin hukunta 'yan fashi da makami, ita ma ta bi wannan hanya, domin ta ce bindiga bindiga ce ko a haɗe take ko an wargaza ta gunduwa-gunduwa. Ma'anar wannan ita ce, ko da an cika cikin bututun da narkakken ƙarfe, sauran sassan da ke jikinta suna nan a matsayin sassan bindiga, kuma wanda ya riƙe su ba da lasisi ba yana iya samun kansa a gaban kotu yana ƙoƙarin bayyana cewa wasan kwaikwayo yake yi. Dokar 1959 ba ta san wani kashi na huɗu ba, na bindigar da aka kashe ta daina zama makami. Ba ta ambaci hukumar da za ta duba aikin ba, balle takardar shaidar da mai ita zai nuna a shingen 'yan sanda tsakanin Bauchi da Jos.

Shi ma mai waldar bai tsira ba. Dokar ta hana ƙera bindiga, ko harhaɗa ta, ko gyara ta, sai a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko kuwa ga wanda aka ba izini na musamman. Har ila yau ta hana rage tsawon bututun bindigar farauta ya gaza inci 20. Saboda haka maƙerin da ya karɓi aikin Naira 'yan dubbai, ya kwance bindiga ya yanke ta domin ta yi kyau a hoto, ya ɗauki laifin da ya fi ƙarfin kuɗin aikinsa nesa ba kusa ba.

A Ingila lamarin ya sha bamban, kuma a can ne wannan sana'a ta fi kafuwa. Bayan kisan gillar da wani mutum ya yi a garin Hungerford a 1987, majalisar ƙasar ta tsaurara dokar bindigogi a 1988, amma a cikin wannan gyara ta buɗe hanyar kashe bindiga bisa doka. Mai lasisin sana'ar shi ke yin aikin: a tsaga bututun, a toshe shi da sandar ƙarfe a like da walda, a lalata sashen da ke dukan harsashi, a haɗe muhimman sassa yadda ba za a iya cire su a sauya da wasu ba. Daga nan sai a kai ta ɗaya daga cikin gidajen gwajin bindigogi guda biyu na ƙasar, na Landan ko na Bamingam, wanda aka kafa tun 1813. Idan masu binciken suka gamsu, sai su buga mata hatimi a jiki, su ba da takardar shaida. Daga ranar nan doka ta daina ɗaukar ta a matsayin bindiga, ana iya sayar da ita ko a ba da hayarta ba da lasisi ba. A kan wannan hatimi da wannan takarda aka gina kamfanonin da ke ba masu finafinai, da gidajen wasan kwaikwayo, da gidajen tarihi hayar makamai.

Sai dai ko a can jarin bai rasa hatsari ba. An ƙara tsananta ƙa'idojin a 1995, aka sake tsananta su daga baya, sa'an nan wata doka ta 2017 ta haramta sayarwa ko kyautar da bindigar da aka kashe bisa tsohuwar ƙa'ida a cikin ƙasar, sai an sake mata aiki. 'Yan kasuwar da suka tara irin wannan haja suka wayi gari da kayan da ba su da ikon sayarwa yadda suke.

Dalilin tsanantawar kuwa jini ne ya jawo shi. A ƙasar Sulobakiya an daɗe ana sayar da tsofaffin bindigogin soja da aka yi wa ɗan ƙaramin gyara domin su riƙa yin ƙara kawai, ana cewa na masu finafinai ne da masu sha'awar tarawa, kuma duk baligi yana iya saye ba da lasisi ba. Gyaran bai taka kara ya karya ba, miyagu suka gane ana iya warware shi. Bindigogin da Amedy Coulibaly ya yi amfani da su wajen kashe mutane huɗu a wani kantin Yahudawa a birnin Paris a watan Janairu na 2015, an bi sawunsu har zuwa wannan kasuwa. A watan Disamba na shekarar, bayan wani harin da ya fi muni a Paris ɗin, Tarayyar Turai ta kafa ƙa'ida guda ta kashe bindigogi ga dukan ƙasashenta, ta kuma sake gyara ta a 2018.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta riga ta hango wannan matsala tun a yarjejeniyarta ta 2001 kan hana ƙerawa da fataucin bindigogi ba bisa ƙa'ida ba, wadda Nijeriya ke cikin ƙasashen da suka amince da ita. Sashe na 9 ya ɗora sharuɗɗa a kan duk ƙasar da ke son ta daina lissafa kasasshiyar bindiga a cikin makamai: dukan muhimman sassanta su lalace har abada, wata hukuma ta tabbatar da haka, a kuma ba da shaida a rubuce ko a buga alama a jikinta. Ƙasar da ba ta shirya wannan ba, hanyar da ta rage mata ita ce ta ci gaba da ɗaukar kowace bindiga a matsayin bindiga. Nan ne dokar 1959 ta tsaya. Idan aka dubi halin da Arewa ke ciki na 'yan bindiga da masu satar mutane, da wuya a ga laifin jami'in da ya ƙi yarda da kalmar mai walda kawai.

Alkiblar gwamnati a 'yan shekarun nan ma ta rage yawan makamai ce. A 2021 aka kafa Cibiyar Taƙaita Yaɗuwar Ƙananan Makamai ta Ƙasa a ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro, a 2024 kuma Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a dokar da ta ba ta gindin zama. A watan Oktoba na 2024 cibiyar ta lalata makamai fiye da 2,400 a wani barikin soja da ke Giri, kusa da Abuja. A 2023 rundunar 'yan sanda ta ba da sanarwar dakatar da ba da sababbin lasisin bindigogi. Kafin wannan, a watan Yuli na 2022, Babban Sufeton 'Yan Sanda na lokacin, Usman Alƙali Baba, ya gargaɗi masu finafinai da masu wasannin barkwanci kan sa kakin 'yan sanda ba da izini ba. Hukumar da ta sa ido a kan riga da hula, ba a zaton za ta kau da kai daga bindiga.

Akwai masu ganin mafita ita ce a ari bindigar gaske mai lasisi, a sa mata harsashi maras dalma, wanda ƙara da hayaƙi kaɗai yake yi. Da fari dai lasisi na mutum ɗaya ne, ba ya bin bindiga zuwa hannun ɗan wasa. Na biyu kuma tarihin sana'ar ya nuna inda wannan hanya ke kaiwa. Ranar 31 ga Maris, 1993, Brandon Lee, ɗan shahararren ɗan wasan nan Bruce Lee da masu zuwa silima a Kano da Jos suka sani sarai, ya mutu yana da shekara 28 a wurin ɗaukar fim ɗin The Crow a Amurka. Wani kan harsashi ne ya maƙale a cikin bututun bindigar ba wanda ya lura, da aka buga harsashi maras dalma a bayansa sai ya fito da ƙarfin harbin gaske. Ranar 21 ga Oktoba, 2021, a jihar New Mexico, harsashin gaske ya fita daga bindigar da ke hannun Alec Baldwin a wurin shirya fim ɗin Rust, ya kashe mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins, ya kuma raunata daraktan. Kotu ta ɗaure matar da ke kula da makaman fim ɗin wata 18 a 2024, kamfanin ya biya tarar Dala 100,000 ga hukumar kare lafiyar ma'aikata ta jihar, aikin kuma ya tsaya fiye da shekara guda. Wannan fa a ƙasar da ke da inshora da ƙwararrun masu kula da makamai ke nan.

Ga ɗan kasuwar Bauchi, abin da lissafi ya nuna shi ne ribar tana wajen bindigar da ba ta taɓa zama bindiga ba. Kafinta da maƙeri da mai fenti suna iya fitar da siffar bindigar toka daga itace da ƙarfe maras rami, ko a zuba ta roba, ba tare da an taɓa ko da ƙusa ɗaya ta makamin gaske ba. Wutar bakin bindiga da ƙararta yanzu a kwamfuta ake sa su bayan an gama ɗauka, kuma bayan hatsarin 2021 wasu manyan shirye-shiryen talabijin na Amurka sun koma ga wannan hanya ɗungurungum. Tun daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, masana'antar finafinan Hausa ta dogara ne ga ƙananan masu sana'a da ke ba da hayar kyamara, da fitilu, da tufafi. Hayar makaman kwaikwayo reshe ne na wannan kasuwa, kuma jarinsa bai kai na kyamara ɗaya ba.

Duk da haka, ko bindigar itace tana bukatar takarda. Ɗan sandan da ke sintiri da dare, ko ɗan banga, ba zai tsaya auna nauyin abin da ya hanga a hannun matashi ba. Masu hankali a sana'ar sukan rubuta wa ofishin 'yan sanda na yankin kafin ranar ɗauka, su faɗi wuri da lokaci da yawan kayan, su sanar da mai unguwa, su ɗauko kayan a cikin akwati a kulle, su ƙirga su kafin aiki da bayan aiki. Wanda kuma ke tunanin shigo da irin waɗannan kaya daga Dubai ko Sin, ya kamata ya fara tuntuɓar hukumar kwastan da ofishin mai ba da shawara kan tsaro, wanda ke ba da takardar izinin shigo da kayan da suka shafi tsaro, kafin ya biya ko sisin kwabo.

Idan wata rana majalisa ta ga dama ta buɗe hanyar kashe bindiga bisa doka, ba a rasa inda za a ɗora aikin ba. Kamfanin ƙera makamai na DICON da ke Kaduna, wanda aka kafa a 1964 aka kuma sabunta dokarsa a 2023, yana da injiniyoyi da kayan aikin da za su iya yin abin da gidan gwaji na Bamingam ke yi, kuma wani ɗan kaso na makaman da ake ƙonawa zai iya komawa gidajen tarihi da wuraren shirya finafinai da hatimi a jikinsa. Wannan kuwa sai an gyara fassarar kalmar bindiga a dokar 1959 da ta 1984, aikin da ke hannun Majalisar Tarayya a Abuja.