Masu POS da Sarƙar Kuɗi a Kasuwannin Arewa

Cikin 'yan shekarun nan hada-hadar kuɗi a arewacin Nijeriya ta bar zauren banki ta koma ƙarƙashin lema a bakin titi, inda mai POS, wato wakilin banki ko na kamfanin kuɗi mai riƙe da ƙaramar na'urar karɓar kati, yake ba da tsabar kuɗi, ya karɓi ajiya, ya kuma tura kuɗi wani gari a kan ladan da yake cira. An daɗe da aza harsashin wannan sauyi, domin wayar salula ta fara aiki a ƙasar a 2001, Babban Bankin Nijeriya ya fitar da ƙa'idojin wakilcin banki a 2013, daga baya kuma kamfanoni irin su OPay da Moniepoint da PalmPay suka baza na'urorinsu a hannun matasa masu neman abin yi, a yankin da akan sami ƙaramar hukuma sukutum ba ta da reshen banki ko ɗaya.

Sai dai abin da ya tura har masu ɗari-ɗari cikin tsarin shi ne sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 da aka sanar a Oktoban 2022, wanda ya haddasa ƙarancin tsabar kuɗi a farkon 2023, har ta kai mai shayi da mahauci da mai kayan miya sun rubuta lambar asusu a jikin kwali sun kafa a gaban teburinsu. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Maris ɗin 2023 cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki, amma kwalayen ba su sauka ba.

Amfanin a fili yake, tunda ɗan kasuwar da ke sarin hatsi a Dawanau ko shanu a Potiskum ba lallai ne ya ratsa daji da damin kuɗi ba. Illar kuwa ita ce talaka yana biyan lada kafin ya taɓa kuɗinsa, kuma cinikinsa ya rataya a kan doguwar sarƙa wadda ba ya ganin ko zobe ɗaya nata: turakun sadarwa masu aiki da dizal, na'urorin bankuna, da cibiyar da ke daidaita biyan kuɗi a tsakaninsu. An ga raunin sarƙar a Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, na'urorin suka zama hoto, mutane suka riƙa niƙar gari zuwa jihohin maƙwabta don kawai su tura kuɗi ko su ji muryar 'yan uwa.

Abin da masu yabon fasahar kan manta shi ne ba ita ta koya wa Bahaushe aika dukiya nesa ba. Wani masani mai suna Abner Cohen, a nazarinsa kan unguwar Sabo ta Ibadan da ya fito a 1969, ya nuna yadda fataucin shanu da goro ya tsaya a kan maigida, wato mutumin da ke saukar da baƙon falke, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan an sayar da dabbobinsa bashi ga mahauta. Wannan tsohuwar sarƙa ta sanayya ita ce har yau take cike gurbi duk lokacin da sabuwar ta tsinke. Idan sabis ya ɗauke, ko an cire kuɗi daga asusun mai saye amma alat bai shigo wa mai kaya ba, wanda aka san gidansu yakan ɗauki kayansa ya tafi, baƙo kuwa sai ya zauna a kan benci ya jira, musamman da yake alat na bogi ya yawaita. Dattijon da bai iya karatu ba yakan miƙa wa mai POS katinsa har da lambar sirri, matar aure ma takan aiki yaro da su, abin da dokar banki ta hana ƙarara, kuma idan kuɗi suka yi ɓatan dabo ba kasafai ake dosar ofishin kamfani ba, gaban mahaifin mai na'urar ko mai unguwa ake fara kai ƙara.