Kaska da Cizonta

Kowa a Kamarawa ya san kaska. Muna ganinta a kunnen kare, da hantsar saniya, da ƙarƙashin wutsiyar akuya. Ƙafarta takwas ce. Ba ta tashi, ba ta tsalle. Aikinta shi ne ta hau ciyawa ta jira. In dabba ko mutum ya gifta, sai ta maƙale masa. Tafi yawa da damina.

To, mu ma tana cizonmu. Yaranmu suna wasa a makiyaya. Samari suna zuwa farauta da karnuka, ko su zauna hira a inuwar da shanu suka kwana. Nan take samunsu. Cizonta ba zafi, shi ya sa takan yi kwanaki tana shan jini ba a sani ba.

Jinin da take sha kaɗan ne. Cutar da take ɗauke da ita ce abin tsoro. Akwai wani mugun zazzaɓi mai sa zubar jini. An fara gane shi a Kirimiya a 1944, sa'an nan a Kwango a 1956. Masu bincike sun sami ƙwayarsa a jikin dabbobi da kaska a Nijeriya. Kaska mai zane-zane a ƙafa, wadda ke son ƙasa mai fari irin tamu ta Gobir, ita ce babbar mai yaɗa shi. Saniya takan ɗauke shi ba ta nuna ciwo ba, har a kai ta kasuwar Isa ko Sabon Birni. Amma cikin mutum 10 da ya kwantar, 1 zuwa 4 sukan mutu. Jinin dabbar ma yana sa shi, don haka mahauta su kula.

In mun dawo daga daji, mu duba jikinmu: hammata, matsematsi, bayan kunne, da cikin gashi. Uwa ta duba na yaranta wajen wanka. Dogon wando ya fi gajere, farin tufa kuwa yana tona asirinta.

In mun same ta, kada mu ƙona ta da wuta, kada mu zuba mata kananzir. Mu sa hantsaki mu kama ta dab da fata, mu ja a hankali har ta fito da bakinta. Sa'an nan mu wanke wurin da sabulu. Yawancinmu mun saba murje kaska da farce. Wannan ɗabi'a ba kyau, gama cutar tana cikin jinin nan. A jefa ta cikin wuta bayan an cire.

In zazzaɓi ya zo cikin kwana 9 bayan cizo, da ciwon kai, da ciwon jiki, kada a ce na sauro ne a zauna gida. A tafi asibiti a gaya wa likita cewa kaska ta yi cizo. In ana haɓo ko jini na fita daga dasashi, kada mai jinya ya taɓa jinin da hannu.

Maganin kaskar dabbobi kuwa, malamin dabbobi za a tambaya.