Kayan Aikin Injin Sassaƙar Ƙarfe: Inda Ya Kamata Kuɗi Su Tafi

Injin sassaƙar ƙarfe, wanda masu sana'a ke kira milin, inji ne da wuƙarsa ke juyawa a bakin sanda yayin da ƙarfen da ake gyarawa yake ɗaure a kan teburi yana matsowa gare ta, har a fitar da fuska mai laushi, ko kwari, ko haƙoran giya. Wanda ya sayi ƙaramin irinsa domin ya kafa a gida ko a ɗan shago yakan tarar cewa injin shi kaɗai ba ya yanka komai, kuma kuɗin wuƙaƙe da mariƙai da ma'aunai kan kusanci kuɗin injin kansa idan aka saye su ba da lissafi ba. Sauƙin kuɗi a wannan fage yana samuwa ne ta hanyar sanin abin da ya cancanci tsada da abin da mai araharsa ya wadatar.

Kafin a sayi ko da wuƙa ɗaya, wajibi ne a san siffar ramin da ke bakin sandar injin, domin ramin yana tsukewa ne daga ƙasa zuwa sama bisa wani ƙayyadadden awo, kuma mariƙin da bai dace da shi ba asara ce. Ƙananan injuna galibi suna zuwa da tsarin Morse, lamba 2 ko 3, wanda ya samo asali a Amurka a shekarun 1860, ko kuma tsarin R8 da kamfanin Bridgeport ya fito da shi. Akwai kuma doguwar ƙusa mai zare da ke ratsa sandar daga sama tana jan mariƙin, kuma zarenta na iya kasancewa na milimita, kamar M10 ko M12, ko na inci. Wannan batu yana da nauyi ga mai neman kayan hannu a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano, saboda tsofaffin kayan Ingila da Amurka sukan zo da awon inci, alhali yawancin sababbin injunan Sin da Indiya da ke shigowa na milimita ne. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, don haka wuƙar rabin inci ba ta zauna daidai a mariƙin da aka yi domin milimita 12.

Mariƙin da ya fi sauƙin kuɗi shi ne kolet, wato zoben ƙarfe mai tsage-tsage wanda ke matse wuƙa ta kowane gefe idan aka ɗaure notinsa. Nau'in ER, wanda kamfanin Rego-Fix na Suwizalan ya ƙirƙira a farkon shekarun 1970, yana da fa'idar cewa kowane zobe yana iya tsukewa da kimanin milimita ɗaya, kuma girman ER32 yana riƙe har zuwa milimita 20. Ba a buƙatar cikakken jeri tun daga farko. Zobba huɗu masu kyau na milimita 6, 8, 10 da 12 sun fi akwati guda na marasa daidaito. Dalili kuwa shi ne idan wuƙa tana kaɗawa yayin juyawa, baki ɗaya ne ke ɗaukar nauyin aikin, sai ya dakushe da wuri, fuskar ƙarfen kuma ta fito da zane-zane. Amfani da mariƙin injin huda wajen riƙe wuƙar sassaƙa, wanda wasu ke yi don gudun kashe kuɗi, haɗari ne tsantsa, domin ba a ƙera shi don jure turi daga gefe ba, kuma yana iya suɓucewa yana cikin gudu.

A wajen wuƙaƙe ne aka fi yaudarar sabon shiga. Ƙarfen da ake kira HSS, wanda Frederick Taylor da Maunsel White suka nuna wa duniya a bajekolin Paris na 1900, yana riƙe taurinsa har zuwa zafin da ya kai kusan digiri 600, yana jure girgiza, kuma yana wasuwa. Kabayid na tungsten, wanda ya shiga kasuwa daga Jamus a shekarun 1920 kuma ba shi da alaƙa da kabayid ɗin masu walda, ya fi shi tauri nesa ba kusa ba, amma yana da saurin gutsurewa, yana kuma son inji mai nauyi da gudu. Lissafin a fili yake: HSS yana yanka ƙarfe mai taushi da gudun kimanin mita 25 zuwa 30 a minti, wanda ga wuƙar milimita 10 yake nufin juyi 800 zuwa 950, yayin da kabayid mai girma ɗaya yake neman juyi wajen 3,000, alhali ƙananan injuna da yawa ba sa wuce 2,500. Saboda haka mai ƙaramin inji da ya sayi kabayid ya biya kuɗin gudun da injinsa ba shi da shi. Wuƙa mai baki biyu don alminiyom da yanka kwari, da mai baki huɗu don ƙarfe, a girma biyu ko uku, sun isa farawa.

Inda bai kamata a yi ƙwauro ba shi ne bayis, wato mamatsin da ke riƙe aikin, da kuma agogon awo mai nuna kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, wanda da shi ake daidaita bayis da kan injin, ake kuma gwada kolet kafin a biya. A nan karin maganar araha ba ta ado ta zauna daram, domin bayis da muƙamuƙinsa ke ɗagawa idan an ɗaure zai ɓata kowane aiki, komai kyawun wuƙar. Tsohon bayis mai nauyi wanda ba shi da tsagewa ko walda ya fi sabo mara nauyi, amma tsohuwar wuƙa mai murɗaɗɗen baki ba riba ba ce sai ga wanda ya san mai injin wasa ta.

Sauran kaya kuwa injin da kansa yana iya ƙera su, kuma ƙera su horo ne ga hannu. Notin da ke shiga kwarin teburi da ƙarafan danne aiki duk ana yanka su daga guntaye, zoben waje na tsohon boris yana zama matashi mai daidaiton kauri a ƙarƙashin aiki, sannan wuƙa mai baki ɗaya da ake wasawa a dutsen wasa tana share faffaɗar fuska a maimakon babban kai mai tsada. Teburi mai juyawa da kan raba haƙoran giya kayan marmari ne ga mai farawa, kuma bai kamata a saye su ba sai ranar da aikin da zai biya kuɗinsu ya shigo hannu.