Allurar Gadon Baya Da Annobar Da Ta Jawo A Amurka

Daga cikin hanyoyin da likitoci ke bi don sauƙaƙa ciwon baya mai tsanani, musamman irin wanda ke gangarawa zuwa ƙafa saboda jijiyar da ta matse tsakanin ƙasusuwa, akwai allurar da ake yi a cikin gadon bayan kansa. Ba irin allurar ɗuwawu ba ce da muka saba da ita. Ana cusa tsinken tsakanin ƙashi da ƙashi har ya isa wani ɗan fili da ke kewaye da tantanin da ya lulluɓe laka, sa'an nan a ɗura maganin kotizon don ya kwantar da kumburi. Mutane da yawa kan sami sauƙi na 'yan makonni ko watanni, kuma galibi ana yin ta lafiya a tashi lafiya.

Amma fa akwai abin lura. Fata ita ce ganuwar da ke tare ƙwayoyin cuta, to wannan allura tana ƙetare ganuwar ta kai har bakin laka. Kuma shi kotizon aikinsa ke nan ya raunana garkuwar jiki a inda aka zuba shi. Saboda haka idan ƙwayar cuta ta bi tsinken ta shiga, sai ta tarar da gida babu mai tsaro. Mafi yawa ƙwayar da ke kan fatar mutum ce ke shiga ta tara mugunya a gefen laka. Wani lokaci kuwa daga bakin mai yin allurar take fitowa, shi ya sa tun 2007 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce a riƙa sa takunkumi yayin wannan aiki. Masu ciwon sukari da masu raunin garkuwa sun fi kowa shiga haɗari.

Mafi munin abin da aka gani ya auku ne a Amurka a 2012. A watan Satumba, wata likita a asibitin jami'ar Vanderbilt da ke jihar Tenesi, Dokta April Pettit, ta rasa gane kan wani majinyacinta mai sanƙarau da magungunan da aka saba ba su yi masa aiki ba. Da aka auna ruwan bayansa sai aka ga funfuna ce, dangin wadda ke fita a kan abinci idan ya kwana a lema. Ta bi diddigi ta gano an yi masa allurar baya makonni kaɗan kafin nan, sai ta sanar da hukuma. A ranar 26 ga watan aka janye maganin, wanda kamfanin New England Compounding Center na garin Framingham a jihar Masacuset ya harhaɗa. Sai dai bakin alƙalami ya riga ya bushe: kwalabe fiye da 17,000 sun bazu cikin jihohi 23, an kuma yi wa mutum kusan 14,000 allura da su.

Ƙidayar CDC ta nuna mutum 753 suka kamu a jihohi 20, guda 64 suka rasu, daga baya masu gabatar da ƙara suka ce mamatan sun haura 100. Jihar Mishigan ce aka fi jin jiki. Mu da muka san sanƙarau na lokacin zafi, wanda ke yaɗuwa ta numfashi a yi ta rigakafi unguwa-unguwa, sai mu lura cewa wannan daban ne: ba ya tsallakawa daga mutum zuwa mutum, wanda aka soka kaɗai yake kamawa. Wasu funfunar ta ci jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwarsu ɓarin jiki ya shanye. Wasu ba su yi sanƙarau ba, sai bayan watanni ƙurji ya bayyana daidai inda tsinken ya shiga, aka yi musu tiyata, suka yi wata da watanni suna shan magani mai wahalar da hanta da gani.

Abin da masu bincike suka tarar a kamfanin ya isa ya sa mutum ya riƙe baki. Akwai kwalaben da ake hango baƙin datti a cikinsu da ido ƙuru-ƙuru. Ɗakunan da ya kamata su fi ko'ina tsabta an sami funfuna a cikinsu, ana kashe na'urar sanyaya su da dare. Maganin kuma da ma ba a sa masa sinadarin hana lalacewa ba, don gudun kada ya cutar da laka, wato tsabtar masu haɗa shi ita kaɗai ce kariyarsa. A 2017 kotu ta ɗaure shugaban kamfanin, Barry Cadden, shekara 9 bisa laifin zamba, a 2021 aka ƙara hukuncin zuwa shekara 14 da rabi. Majalisar ƙasar ta riga ta tsaurara dokar irin waɗannan kamfanoni tun 2013. A ganinmu, babban abin takaici shi ne likitocin da suka yi allurar sun iya wanke hannu, sun goge fata, amma cutar tana cikin kwalba.

Wahalar gane wannan ciwo ita ce yana ɓuya bayan tsohon ciwon. Mai ciwon baya idan bayansa ya ƙara tsananta sai ya ce nasa ne ya motsa, ya nemi man shafawa, kuma kotizon kan iya danne zazzaɓin da zai tona asiri. Don haka duk wanda aka yi wa wannan allura a gidanku, ku sa masa ido har watanni. Zazzaɓi, ciwon kai da ba ya sauka, sanƙarewar wuya, ƙyamar haske, kumburi ko ja a wurin allurar, duk dalili ne na komawa asibiti a ranar. Idan kuwa ƙafa ta fara mutuwa, ko fitsari ya ƙi fita, ko ya riƙa zuba ba da sani ba, to alama ce ana danne laka, kuma jinkirin sa'o'i na iya barin mutum gurgu. Da kun isa, ku gaya wa likita ranar da aka yi allurar da wurin da aka yi ta, domin wannan bayanin ne zai sa ya nemi hoton IRM ko ya ɗebi ruwan baya ya auna.