Fiyano Mai Kaɗa Kansa Ya Shigo Bukukuwanmu

Duk mai zuwa biki ko suna a nan Zango cikin ƴan shekarun nan ya san abin da ake gani. Saurayi ɗaya ne zaune bayan fiyano na lantarki, ga manyan lasifika biyu a gefe, kiɗa yana tashi sai ka ce mutum goma ne ke aiki. In ka lura da kyau, wani lokaci hannunsa ma ba ya kan fiyanon. Waya ce a hannunsa, ko wata ƴar na'ura irin telekomand ɗin talabijin, ya danna, kiɗa ya sauya. Dattawa suna cewa yaudara ce, samari suna cewa zamani ne. Mun ga ya kamata mu bayyana wa masu karatu yadda abin yake, tun da mu ke biyan kuɗin, kuma makaɗanmu ne ke rasa wurin cin abinci.

Abin ya daɗe a ƙasashen Turawa. Wajen 1895 wani Ba'amurke mai suna Edwin Votey ya ƙera na'urar da aka sani da Pianola. Doguwar takarda ce a naɗe wadda aka huhhuda, mutum yana taka feda da ƙafa, iska tana bi ta hudojin, kowace huda ta sa a buga madanni guda. Ta yi kasuwa ƙwarai har rediyo da garmaho suka ture ta. A 1983 kamfanonin Japan da na Amurka suka amince da yare guda da kayan kiɗa na lantarki za su riƙa magana da juna, shi ne MIDI. A 1987 Yamaha ta kai Amurka wani fiyano mai suna Disklavier, na gaske, mai tsarkiya da ƴan gudumomi a ciki, wanda ake sa wa disket sai a ga madannai suna nutsewa ba kowa a kujera. Da farko da telekomand ake sarrafa shi, daga baya da wayar hannu. A 2013 mawaƙin Ingila Elton John ya yi wasa a Kalifoniya, fiyanoni irin wannan a wasu ƙasashe suna maimaita bugunsa ta intanet a lokacin da yake yi.

Wannan ya fi ƙarfin aljihunmu. Abin da ya iso mana shi ne ƙananan fiyano na Casio da Yamaha. A Yamai, Mamman Sani ya sami wata ogan ƙirar Italiya, ya fitar da kaset a 1978, kuma shekara da shekaru rediyo da talabijin na Nijar suna sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye. Shi da yatsunsa yake bugawa. A Kano kuwa, a tsakiyar shekarun 1990 ɗakunan naɗar waƙa irin na Iyan-Tama suka fara aiki da Yamaha samfurin PSR, kuma bayan fim ɗin Sangaya na 1999 kiɗan fiyano ya mamaye finafinan Hausa. Ta kaset-kaset ɗin nan ya shigo gidajenmu. Bayan an rushe tsohuwar Zanguwetin a 2003 saboda shirin ZACA, jama'armu suka warwatsu cikin unguwannin Wagadugu, neman makaɗi ya ƙara wuya, mai fiyano kuwa babur ɗaya ya ishe shi.

To, ga inda muke so a buɗe kunne. Fayil ɗin da yaron nan yake kunnawa iri biyu ne, kuma tsakaninsu akwai nisa. Na farko sauti ne da aka riga aka naɗa, irin MP3 da ke cikin memorin waya. Wannan kamar kaset yake, yadda aka ɗauke shi haka zai fito, fiyanon da ke gaban yaron ado ne kawai. Na biyu shi ne fayil na MIDI, wanda babu sauti ko kaɗan a cikinsa. Umarni ne zalla: wane madanni za a buga, da wane ƙarfi, yaushe za a sake shi. Wato takardar Votey ce ta koma lissafi. Yana iya ɗaukar layi 16 a lokaci guda, wannan ganga, wancan sarewa, wancan garaya. Saboda umarni ne, mai riƙe da na'urar yana iya rage sauri in zabiya ta ja baiti, ya sauke kiɗan in muryarta ba ta kai ba, ya kashe layin ganga ya bar wa mai kalangu fili. Da MP3 kuwa dole mawaƙi ya bi na'ura kamar raƙumi da akala, in ya tsaya gaida wata hajiya da ta shigo, kiɗa ya wuce ya bar shi.

Ko MIDI ɗin ma akwai iyakarsa. Hausa harshe ne mai karin sauti, murya tana hawa tana sauka, kuma kalangu yana bin wannan hawa da sauka ne domin makaɗi yana matse tsarkiyarsa a hammata yana sassautawa. Shi ya sa yake kiran suna, yake yin take, mahauci ya ji nasa daga nesa ya miƙe. Marigayi Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da kalangu ya yi zamaninsa, yana ƙirƙirar waƙa nan take, makaɗa suna binsa. Maƙwabtanmu Mosi sun san irin wannan, domin makaɗan bendre na fadar Moro Naba da ganga suke jero sunayen sarakunan da suka gabata. Fiyano kuwa matakalarsa a yanke take, sauti 12 suna maimaituwa. Wasu suna da ɗan gargare a hagu mai lanƙwasa sauti, amma fayil da aka tsara a Kano bai san sunan kakan amarya ba. Mu da muke tsayuwa gaban allo muna ganin sakamakon: yaro ya haddace waƙar fim tun daga farko har ƙarshe, a kaɗa masa taken gidansu ya tsaya yana kallon mutane.

Ba mu ce a kori masu fiyano ba. Ƴaƴanmu ne, sana'a ce, kuma a wannan tsadar rayuwa ba kowane uban amarya ke iya ɗaukar ƙungiyar makaɗa ba. Abin da muke ba da shawara shi ne, kafin a ba da kuɗin kafin-alƙalami, a tambayi yaron: kana bugawa da hannu, ko kunnawa kake yi? A ce ya rage saurin waƙa guda a gani, ya cire ganga daga cikinta a ji. In ya iya, ya san aikinsa, kuma za a iya zaunar da mai kalangu ɗaya kusa da shi su yi tare, a raba musu abin da aka samu. In bai iya ba, to lasifika kawai ake haya, sai a yi ciniki a kan kuɗin lasifika.