Ciwon dajin babban hanji a Saudiyya: masana sun koma kan abin da aka taɓa ɗauka shara ne

A ƙasar Saudiyya babu wani nau'in ciwon daji da ya fi kama maza kamar na babban hanji, kuma yana cikin na sahun gaba a tsakanin mata, kamar yadda rajistar masu ciwon daji ta ƙasar, wadda aka kafa a 1992, take nunawa. Abin da ya fi damun likitoci, ciki har da na sashen ciwon daji na asibitin Sarki Abdullah da ke birnin Makka, shi ne yadda majinyata da dama ba sa zuwa sai bayan cutar ta bar hanji ta isa hanta ko huhu. Tambayar da masana suka daɗe suna yi ita ce: me yake sa ƙari guda ya zauna wuri ɗaya, wani kuma ya bazu?

Wani ɓangare na amsar ya fito ne daga inda ba a zata ba. Cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin ɗan Adam akwai DNA, wato kundin da aka rubuta umarnin gina jiki a ciki. Shi kuwa RNA ɗan aike ne, yana kwafo umarnin ya kai inda ake haɗa furotin. To amma da aka kammala karanta kundin a 2003, sai ta tabbata cewa abin da yake ɗauke da umarnin haɗa furotin bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Saura kuwa an jima ana yi masa kallon tarkace. Daga bisani aka gane cewa daga cikin wannan tarkacen jiki yana kwafo dubban dogayen RNA, masu haruffa fiye da 200, waɗanda ba sa haɗa furotin ko kaɗan. Aikinsu shi ne kunna wasu ƙwayoyin gado da kashe wasu.

A 2007 John Rinn da Howard Chang na jami'ar Stanford a Amurka suka bayyana ɗaya daga cikinsu, suka raɗa masa suna HOTAIR. Yana riƙe wani rukunin furotin ne ya ja shi zuwa wani sashe na kundin, su garƙame shi. Idan abin da aka garƙame ɗin shi ne mai hana ƙwayar halitta yawo, to an kwance wa ƙari dabaibayi ke nan. A 2011 masu bincike na jami'ar Kyushu a Japan suka nuna cewa masu ciwon dajin babban hanji da HOTAIR ya yi yawa a ƙarinsu sun fi fuskantar bazuwar cutar zuwa hanta, kuma kwanansu ya fi gajarta.

Akwai kuma CCAT1 da aka gano a 2012, da CCAT2 da ya biyo baya a 2013. Dukkansu suna zaune ne a kuromosom na 8, maƙwabtan wata ƙwayar gado mai suna MYC, wadda ke ingiza ƙwayoyin halitta su riƙa hayayyafa. Idan suka yawaita sai su zuga MYC, ita kuma ta ƙi yin shiru.

Fatan masana shi ne wata rana a auna irin waɗannan RNA a jini ko bayan gida a gane cutar tun tana ƙarama. Ba mafarki ba ne, domin tun a 2012 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da gwajin fitsari mai neman PCA3, wani dogon RNA na ciwon dajin mafitsara ta maza da ake kira furostet. Sai dai a game da babban hanji, yawancin aikin yana ɗakunan bincike ne da jikin ɓeraye, kuma babu wani magani mai kai hari kan dogayen RNA da likita zai rubuta wa majinyaci. Duk wanda ya yi tallar irinsa, kuɗi yake nema.

Abin da ke hannu kuwa tsoho ne, kuma yana aiki. Galibi cutar tana farawa ne da ɗan tsiro a bangon hanji, wanda kan ɗauki kimanin shekara 10 kafin ya rikiɗe, kuma ana iya cire shi yayin leƙa hanji da na'ura. Saboda cutar tana kama 'yan Saudiyya da ƙarancin shekaru fiye da Turawa, ƙa'idojin ƙasar na 2015 suka ba da shawarar a fara gwaji daga shekara 45, shekaru shida kafin kwamitin rigakafi na Amurka ya sauko zuwa wannan adadi a 2021.

A unguwannin Makka da Hausawa suka daɗe da zama, irin su Shara Mansur da Misfala, akwai ƙarin cikas. Bahaushe in ya ga jini a bayan gida, basir zai fara kira, ya nemi jiƙo ya sha, kunya kuma ta hana shi faɗa wa ko da iyalinsa. Wanda ba shi da iƙama kuwa, zuwa asibiti kansa abin fargaba ne. Jinin da ya ƙi tsayawa, da rama ba dalili, da sauyin yanayin bayan gida na makonni, su ne alamun da likitoci suke roƙon kada a wuce da su wurin mai magani a gefen titi.