Ɓuntun Shinkafar Bagudo da Ma'ajiyar Lantarki

Wanda ya saba bin hanyar Bagudo zuwa Tsamiya, inda ake tsallakawa Segbana ta ƙasar Benin, ya san tulin ɓuntun da ke cin wuta a hankali bayan injinan casar shinkafa. Ya kuma san mai cajin waya da batirin solarsa ya kumbura don zafin bazara. Ashe akwai alaƙa tsakaninsu.

Akwai wata ma'ajiyar lantarki da masana ke kira sufakafasita. Batiri sai sinadarai sun yi ta sauyawa a cikinsa, shi ya sa yake jinkirin cika, yake saurin tsufa. Ita kuwa a jikin gawayi lantarkin ke maƙalewa, kamar ƙura a jikin riga, don haka cikin daƙiƙu take cika, kuma tana jure caji sau dubban ɗaruruwa. A Shanghai ta ƙasar Sin, tun 2006 ake tafiyar da motocin bas da ita.

Sirrin yana ga faɗin fuskar gawayin. A 2004 Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ware girafin a Jami'ar Mancesta, wato shimfiɗar kabon mai kaurin ƙwayar zarra guda. A lissafi, giram ɗayansa na da faɗin murabba'in mita 2,630, sama da sulusin filin ƙwallo. Amma girafin na da tsada, shi ya sa har yau masana'antu suka fi dogara da gawayin ɓawon kwakwa.

Mu ba mu da kwakwa, muna da ɓuntu. Kusan kashi 20 cikin ɗari na nauyin shanshera ɓuntu ne. Idan aka gasa shi ba tare da iska ba, aka wanke silikar da ke jikinsa, sai a samu gawayi mai ƙananan ramuka da ido ba ya gani, irin wanda lantarki ke so.

Gaskiya ɗaya ce, sufakafasita ba ta kai batirin litiyam yawan ajiya ba, ko kusa. Amfaninta shi ne ta ɗauke masa fizgar farko, kamar lokacin tayar da famfon ban ruwa a fadamun Kogin Kwara, kwanansa ya ƙaru.

Tun da aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a 2015 ake ta maganar buhunan shinkafa, ɓuntun kuwa an bar wa iska da wuta, kuma abin na damuna. Malaman kimiyya na jami'ar Aliero da Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, don Allah ku aiko ɗalibanku Bagudo su ɗebi buhu guda su gwada.